Neman kalma: yaya za mu ce "race records" da Hausa kafin gobe da la'asar?

Mai Shirin Dare:
Assalamu alaikum jama'a. Agaji nake nema cikin gaggawa. Ran Alhamis zan gabatar da kashi na biyu na shirina kan tarihin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, kuma gobe da la'asar za mu shiga ɗakin naɗa. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: race records.

Ga yadda abin yake. A watan Agustan 1920 kamfanin Okeh ya naɗi muryar wata mawaƙiya baƙar fata, Mamie Smith, a waƙar "Crazy Blues". Faifan ya yi kasuwar da ba wanda ya zata, kuma baƙaƙen fata ne suka yi ta rububinsa. Nan idon kamfanoni ya buɗe. Suka ware jerin fayafayai na musamman, lambobinsu daban, tallarsu daban a jaridun baƙar fata, suka laƙaba musu wannan suna. Na talakawan Turawan karkarar kudu kuma suka ce hillbilly. Na rubuta "faifan launin fata", furodusana ya ja masa jan biro ya ce wa zai gane wannan. Na mayar da shi "faifan jinsi", ya ce mai sauraro zai zaci maza da mata ake nufi. Sau bakwai kalmar ta fito a rubutuna. Me kuka gani?

Hajiya Mai Fassara:
Wa alaikumus salam. Furodusanka bai yi ƙarya ba, jinsi ya riga ya tafi wajen "daidaiton jinsi", ba ka iya dawo da shi a dare ɗaya. Ka ce faifan baƙar fata ka huta. Ai Bahaushe da ma haka yake raɗa wa kiɗa suna, da sunan waɗanda ake yi wa shi: kiɗan mahauta, kiɗan maƙera, kiɗan 'yan dambe, kiɗan noma. Kowa ya san kalangu na mahauta ne, amma ba a taɓa hana amarya rawa da shi ba. Kunnen mutanenmu ya saba da wannan ginin.

Ɗan Damagaram:
Ni dai faifan wariya na gani. Tun zamanin labaran Afirka ta Kudu kowane tsoho mai rediyo ya san wariyar launin fata. Kuma abin da aka yi ke nan, an raba kanti biyu, an raba kunne biyu.

Direban Chicago:
Malam na Damagaram, a nan zan ɗan ja da kai. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan ina tuƙa haya, kuma na yi hira da tsofaffinsu da yawa. A lokacin da ake buga fayafayan nan kalmar ba zagi ba ce a bakinsu. Jaridar Chicago Defender, wadda Robert Abbott ya kafa a 1905, tana kiran baƙaƙen fata "the Race" da babban harafi, cikin alfahari. In suka ce wane race man ne, suna nufin mai kishin mutanensa, wanda ba ya bari a taka su. Har wani baƙar fata, Harry Pace, ya buɗe nasa kamfanin a unguwar Harlem ta New York a 1921, Black Swan, yana tallar cewa nasa ne na gaskiya domin masu shi ma baƙaƙe ne. Mai kamfani Bature yana faɗin kalmar yana lissafin kasuwa, ɗan dako da ya taso daga Mississippi ya zo nan neman aiki yana jin kalmar yana jin an kira sunan gidansu. In ka ce wariya, ka ɗauki muryar mai kamfani ka jefar da ta mai saye. Ni da zan zaɓa, faifan mutanenmu zan ce.

Hajiya Mai Fassara:
Ƙanena, maganarka ta shige ni, ban san wannan ɓangaren ba. Amma in mai gabatarwa ya ce "mutanenmu" a rediyon Hausa, ai Hausawa za a ɗauka. Sai wani ya zauna yana jiran a sa masa Shata.

Tsohon Malamin Hausa:
Na karanta duk abin da kuka rubuta. Kuna kewaye-kewaye ne domin kun manta harshenku yana da kalmar. Tsatso. Faifan tsatso. Race ba launi ba ne, asalin da aka fito ne, kuma Bahaushe yana cewa wane daga tsatson wane ya fito. Kalma ce gajera, tana da nauyi a baki, ba ta zagi kowa ba, ba ta yabi kowa ba, kuma ba aro ba ce. Daga ita sai mu samu tsatsanci a madadin doguwar jimlar nan ta wariyar launin fata. Shekara talatin da biyar na yi a aji, na daɗe ina ba ɗalibai wannan shawara. Ɗana mai shiri, ka sa ta a iska sau bakwai ɗin nan, kafin wata ya zagayo za ka ji ta a bakin mutane.

Mai Shirin Dare:
Allah ya gafarta Malam, na gode ƙwarai. Na gwada ta da ƙarfi yanzu a ofis. Abokin aikina ya ɗago kai ya ce, shirin tarihin sarauta za ka yi?

Tsohon Malamin Hausa:
To sai me? Wace sabuwar kalma ce aka taɓa ganewa ran da aka haife ta? Da aka fara cewa jirgin ƙasa, ai jirgi na ruwa kawai aka sani. Matsalarmu ke nan, an ba mu makirufo amma muna tsoron harshenmu. Jinsi Larabci, ƙabila Larabci, al'umma Larabci, asali Larabci. Yaushe za mu tsaya da ƙafarmu?

Hajiya Mai Fassara:
Malam, da girmanka, launi ma Larabci ne, haka lokaci, haka labari, kuma ba wanda ya ce ba Hausa ba ne. Ni ba aro ne ya dame ni da tsatso ba. Tsatso yana komawa ga kaka ɗaya ne, kamar a ce tsatson Shehu ko tsatson Bayajidda. Su kuwa mutanen nan daga ƙasashe barkatai aka kwaso kakanninsu, harsunansu ba ɗaya ba, kuma a jihohin kudu an yi dokokin da ke lissafa mutum baƙi ko da hasken fatarsa ya kai na Bature, in dai an samu baƙi a kakanninsa. Doka da kasuwar bayi ne suka haɗa su rukuni ɗaya. In muka ce tsatso mun gaskata abin da ba haka yake ba.

Tsohon Malamin Hausa:
'Yata, fassarar takardun ƙungiyoyi daban, ilimin harshe daban. Ban ce ba ki iya aikinki ba. Amma ƙirƙirar kalma tana da ƙa'ida, ba a yin ta da ƙuri'a.

Ɗan Damagaram:
Ƙa'idar wa, Malam? Nan ne kullum muke samun matsala da ku. A zauna a Kano ko Zariya a yanke kalma, mu a Zinder da Maraɗi da Tawa sai dai mu ji ta a rediyo kamar sanarwar gwamna. Shirin nan har nan ana kama shi. Ba wanda ya tambayi yadda za ta sauka a kunnenmu.

Tsohon Malamin Hausa:
Daidaitacciyar Hausa ba ta Kano ba ce, ta kowa ce. Kuma ba ni na ce ku riƙa cusa Faransanci a kowace jimla ba.

Ɗan Damagaram:
Mu Faransanci, ku Ingilishi. Wanda ke cewa "zan je ofis in yi sainin" ba shi zai yi mana gorin tsarkin harshe ba. Ina girmama ka, Malam, amma wannan ta yi mini zafi.

Autan Zaure:
Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki, Yaya mai shiri agogo na cin sa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk sunan da muka zaɓa kada ya sa mai sauraro ya ɗauka wai kunnen baƙi daban aka halitta, na fari daban. Su kansu masu sunan sun kasa riƙe shi. Mujallar kiɗa ta Billboard ta fara buga jerin waƙoƙin baƙar fata da suka fi kasuwa a 1942 da sunan Harlem Hit Parade, a 1945 ta koma race, a 1949 ta ce rhythm and blues, sunan da ake danganta wa ma'aikacinta Jerry Wexler. Daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1965 ma daina buga jerin ta yi gaba ɗaya, lokacin da waƙoƙin Motown, kamfanin fayafayan baƙar fata, ke cika gidajen Turawa. A 1969 ta ce soul, a 1982 ta ce black, a 1990 ta koma R&B, wato rhythm and blues. Riga ake ta sauyawa, mutumin ciki ɗaya ne.

Kuma tun farko shingen yana yoyo. Yaran Turawa suna kama tashar WDIA ta Memphis, wadda ta koma shirye-shiryen baƙar fata zalla a ƙarshen shekarun 1940, inda mawaƙi B.B. King ya yi aiki. A wuraren rawa na kudu igiya ake ɗaurawa a tsakiyar fili, baƙi nan, fari can, makaɗi ɗaya. A 1955 da 1956 Bature Pat Boone ya sake rera waƙoƙin baƙaƙen mawaƙa Fats Domino da Little Richard, gidajen rediyon Turawa suka fi sa nasa. Waƙa ɗaya ce, fuskar mai rerawa aka canja.

Direban Chicago:
Auta ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wata rana da asuba na ɗauki wata dattijuwa baƙar fata zuwa coci, rediyona na kan tashar country, wato kiɗan Turawan karkara, domin ni muryoyinsu na kwantar mini da hankali a kan hanya. Na kai hannu zan canja don kada ta ji ba daɗi. Ta dafa kujerata ta ce in bari. Ta ce mahaifinta a Tennessee ba ya kwana ran Asabar sai ya saurari irin wannan kiɗa, amma bai taɓa faɗa wa abokansa ba. Ta bi waƙar a hankali har muka isa, jakarta a kan cinya. Ni ne na yanke mata abin da kunnenta zai so tun kafin ta buɗe baki, kuma ni ma baƙi ne.

Autan Zaure:
Kuma banjo ɗin da ake ji a kiɗan nan, bayi 'yan Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata da tsirkiya. Wanda ya san gurmi in ya ga tsohon banjo zai gane dangi. Charley Pride, baƙar fata mawaƙin country, da ya fara fitowa a 1966, kamfanin RCA ya aika waƙoƙinsa gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba. A 2019 ma Billboard ta cire waƙar Lil Nas X, shi ma baƙar fata, daga jerin country ta ce ba ta cika sharaɗi ba. Sai a 2024 mace baƙar fata ta fara hawa saman wannan jerin, Beyoncé. Yaya, in shirinka zai kai nan, za ka buƙaci kalmar crossover ma, wato waƙa ta fita daga kasuwar wannan ɓangare ta karɓu a ɗayan.

Mai Shirin Dare:
Tana kashi na uku, Auta. Na rubuta "tsallake" da fensir.

Hajiya Mai Fassara:
Tsallake kamar an bar wani abu a baya ne. Ƙetare ya fi, ko haye, kamar wanda ya haye kogi.

Tsohon Malamin Hausa:
Ƙetare ya riga ya zama ƙasashen waje. Wannan ma ina da kalmarta, amma tunda an nuna mini ba a bukata, na riƙe abata.

Mai Shirin Dare:
Allah ya huci zuciyar Malam, wallahi ana bukata, kuma zan zo har gida kafin kashi na uku. Ga abin da muka tsayar ni da furodusa, domin ƙarfe goma ta wuce. A karon farko zan faɗi kalmar Turancin sau ɗaya, in ce fayafayan da kamfanoni suka ware wa baƙar fata. Sauran wuraren faifan baƙar fata, kamar yadda Hajiya ta ce. Inda na kawo zancen Chicago Defender da Black Swan zan ce su a bakinsu ma'anarta faifan mutanenmu, kuma zan ba da labarin dattijuwar nan in Direba ya yarje mini. Wariya za ta fito a wajen igiyar filin rawa, domin can ne mazauninta. Na san ban samu kalma ɗaya ba, uku na raba wa aikin.

Direban Chicago:
Na yarje, Yaya. Kada dai ka faɗi unguwar.

Ɗan Damagaram:
Ba laifi. Amma ka faɗa a shirin cewa daga Nijar ma an ba da shawara.

Tsohon Malamin Hausa:
Faifan baƙar fata bayani ne, ba suna ba ne, kuma ran da za ku fassara race ita kaɗai ba tare da faifai ba, za ku dawo nan. Ka yi shirinka, ɗana, Allah ya ba da sa'a. Zan saurara. In da hali ka ambaci tsatso ko sau ɗaya ne, ka ce wani malami ya kawo ta, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai Shirin Dare:
Zan ambata, Malam, a ƙarshen shiri kafin a buɗe layi. Haye da ƙetare kuma na bar su nan, sai ran Asabar in na dawo.