Wane kuskure ne ya fi cin ku a lissafin kwadiratik, wato mai siffar ax² + bx + c = 0?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ɗan aji biyu na babbar sakandare ya kawo min x² − 5x + 6 = 0 jiya da daddare. Na ce ya nemo lambobi biyu da in aka ninka su za su ba da 6, in aka haɗa su kuma su ba da −5. Nan take ya ce −2 da −3, daidai kuwa. Sai kawai ya rubuta su a matsayin amsa ya rufe littafi, alhali amsar 2 da 3 ce. Abin da ya ba ni dariya, ni ma nan nake faɗuwa lokacin ina ɗalibi. Ku fa?

'Yar Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ni a jarrabawar gwaji kafin WAEC aka ba mu x² = 3x. Na raba kowane gefe da x, na samu 3, har ina murna na riga kowa gamawa. Ashe na jefar da sifili, wanda shi ma amsa ne. Rabin maki malam ya ba ni. Tun daga ranar sai na kwaso komai gefe ɗaya na rubuta x(x − 3) = 0.

Malamin Lissafi: Na daɗe ina koyarwa, kuma wanda ya fi ba ni ciwon kai shi ne (x + 3)² = x² + 9. Duk shekara sai an yi min shi. Faɗa da baki bai taɓa magance shi ba, sai da na koma zana fili a allo, tsawonsa x + 3, faɗinsa ma haka. In ka yanka shi, gida huɗu za ka gani: x², da 3x sau biyu, da 9. Yaro na ganin 6x ɗin da ido ya daina mantawa da shi.

Dabarar ma ba tawa ba ce. Masanin lissafi Al-Khawarizmi a Bagadaza, cikin ƙarni na 9, da irin wannan zanen ya warware x² + 10x = 39 ya samu 3, kuma daga kalmar al-jabr da ke sunan littafinsa aljabara ta samo suna. In na faɗa wa ɗalibai haka sai su gyara zama.

Ɗan Damagaram: Malam, Allah ya ƙara basira. Mu a Nijar delta muke fara nema, wato b² − 4ac. An ba mu 2x² − 5x − 3 = 0, na danna −5² a kalkuleta ba tare da na sa shi cikin baka ba, ta ba ni −25. Delta ta fito −1, tunda kuma in delta ta gaza sifili ba a samun amsa, na rubuta babu amsa, har da ja layi biyu a ƙasa. Ashe 49 ce, amsa kuma 3 da −½.

Ɗan Kurna: Na nuna wa ƙanena duka. Na kuma sa shi ya mayar da −2 ɗinsa cikin lissafin, ya samu 20 maimakon sifili. Ya sa 2, sifili ya fito. Yanzu haka yana kan tabarma yana zana filin Malam.