Turancin ofis da ba ka gane inda ya dosa, wa ya taɓa cin karo da shi?

Mai Fassara:
Jama'a barkanku da warhaka. Jiya aka turo min takardar wata ƙungiya in mayar Hausa, wai za su yi wa "stakeholders" ɗin ƙauyuka uku "empowerment" da "capacity building", na fi awa ɗaya ina juya ta don na san ana karanta wa mai gari zai ce to me za a ba mu, keken ɗinki ne ko jari? Na kira wanda ya rubuta wallahi shi ma sai kame-kame yake, ashe taron yini ɗaya ne, shinkafa da kuɗin mota. Ku ma ku ba mu naku.

Ƴar Zariya:
Hhhh Malam ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ogana in ya ce "let's circle back", wai za a zagayo kan maganar daga baya, to maganar ta mutu ke nan, sai dai a yi mata addu'a. Sau uku ina kai masa zancen ƙarin albashi, sau uku muna zagayowa.

Baban Khalifa:
Ni da aka rage mu a wurin aiki babu kalmar kora ko ɗaya a wasiƙar, "rightsizing" suka rubuta, har na kai wa wani abokina ya duba min ko ƙarin girma ne. Mai gadi ne ya fassara min da ya karɓe katina a bakin get.

Ɗalibi a Ingila:
Su ma masu yaren abin ya ishe su fa. Tun 1979 akwai ƙungiyar Plain English Campaign a nan, har kyautar ba'a take bayarwa mai suna Golden Bull ga wanda ya fi kowa rubuta shirme. Shafin gwamnati na GOV.UK kuma ya ja kunnen ma'aikata kan "leverage" da "going forward", ya ce "deliver", wato kai wa mutum abu, ta fiza ce da wasiƙa. Amurka kuwa doka sukutum Obama ya sa wa hannu a 2010 kan a riƙa rubutu yadda talaka zai gane. Amma malamina har yau komai "robust" ne a bakinsa, ban san ko yabo ba ne.

Mai Fassara:
Baban Khalifa Allah ya musanya da mafi alheri. Ni dai taron bita na rubuta musu, yanzu suka bugo wai fassarar ta yi gajarta.