Agogon miliyoyi a hannun mai ba da rance: ya isa jingina ko bai isa ba?

Alhaji Sabo, Broad Street: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan a kan bakana: a Legas ta yau, in mutum ya zo neman rance ya ajiye min Rolex na asali, hankalina ya fi kwanciya da shi a kan takardar fili. Takardar fili sai ka yi ta sintiri ofishin filaye na Alausa kana bincike, ga omo onile, wato 'yan asalin gari masu iƙirarin filin nasu ne, ga fili ɗaya an sayar wa mutum uku. Agogo kuwa yana cikin sef ɗina, kuma da dala ake masa kuɗi. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dalar gwamnati tana wajen 460. Zuwa Fabrairun 2024 mu nan kasuwa mun gan ta sama da 1,800. Wanda ya riƙe agogo a tsakanin nan bai yi kuka ba.

Hajiya Ladidi, Balogun: Wa alaikumus salam. Alhaji, ai wanda ya riƙe dalar kanta ma bai yi kuka ba, kuma shi bai nemi mai buɗe masa bayan agogo ba. Faɗuwar naira ce ta taimake ka, ba agogon ba. In jingina ake magana, gwal ne sarki. A ɗora a sikeli, a gwada karat, a duba farashin ranar, magana ta ƙare. A 2022 oza ɗaya tana ƙasa da dala 2,000 yawancin shekarar, a Maris na 2025 ta haura 3,000, a Oktoba ta haura 4,000. Sarƙa ko ta tsinke kuɗinta na nan. Agogo fa?

Nura, Ikeja: Baba Alhaji, a yi min afuwa in sa baki. Gaskiya ne da dala ake lissafinsa, amma dala nawa? Daga 2020 zuwa farkon 2022 farashin agogon hannu na biyu ya yi tashin gwauron zabo. A 2021 kamfanin agogo na Patek Philippe suka sanar za su daina ƙera samfurinsu Nautilus 5711 na ƙarfe, aka shiga rububi, har aka sayar da wani mai shuɗiyar fuska ta Tiffany dala miliyan 6.5 a gwanjon Phillips a Disambar shekarar. Sai babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a Maris na 2022, kasuwar kirifto ta karye, masu saye don su sayar suka fito da kayansu lokaci guda. Farashi ya kwashe sama da shekara biyu yana sauka. Wanda ya ba da rance a farkon 2022 bisa farashin lokacin, abin da ke sef ɗinsa ya daina kai abin da ya lissafa.

Alhaji Sabo: Nura, duk na san wannan. Shi ya sa ba na ba da fiye da rabin abin da zan iya sayar da shi. Kuma ba kowane nake karɓa ba. Submariner, Daytona, GMT, Datejust, duk na Rolex, sai Royal Oak na kamfanin Audemars Piguet in an samu. Yawancin sauran, ko sunansu ya kai ina, daga fitowa kanti kuɗinsu ya fara zubewa.

Hajiya Ladidi: To ai ka faɗa da bakinka. Ba agogon tsada ba ne ke riƙe kuɗi, iri huɗu ne ko biyar. Kuma mai shi rabi kawai zai samu. Ni mace ta kawo min awarwaro, abin da zan ba ta ya fi haka nesa ba kusa ba, domin na san kafin la'asar zan iya mayar da shi kuɗi.

Malam Isyaku, mai gyaran agogo, Idumota: Alhaji, Hajiya, ku bar ni in yi magana a kan abin da nake gani a teburina, domin duk lissafin nan yana tsaye ne a kan kalma ɗaya da Alhaji ya faɗa, wato "na asali". Jabun da ake kawowa yanzu ba irin na da ba ne da ake ganewa da nauyi ko da tafiyar allura. Ƙarfen iri ɗaya, nauyin ya yi daidai, allurar tana tafiya sumul, kwalin da katin garantin ma an buga su. Sai an buɗe baya an duba injin, an ɗora shi a na'urar auna lokaci, kuma mai dubawar ya zama ya saba ganin na gaske. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da ya fi jabu cutar da mutane shi ne agogon haɗe-haɗe. Jikin na asali ne, lambar da ke zagayen ciki ta gaske ce, amma an canza fuska, ko madauri, ko wasu sassan inji. Mai shi ma wani lokaci bai sani ba, haka ya saya. Sai kuma wanda aka cika da lu'ulu'u a waje, irin wanda mawaƙa da matasan Lekki ke so. Mai shi yana lissafa kuɗin agogo da kuɗin duwatsu ya haɗa, ya ce ga darajarsa. Dillalin Dubai kuwa rage kuɗi yake yi, saboda an huda ƙarfen, kamfani ba zai karɓe shi gyara a haka ba. Gogewa ma haka. Mutum ya kai a goge masa ya yi ƙyalli kafin ya kawo jingina, bai san an cinye masa gefuna ba, masu saye kuma gefen suke fara dubawa.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi tayar min da hankali, kayan sata. Ana fizge agogo a Landan da Paris, ya ɓullo a nan. Akwai rajistar agogon sata a Landan, The Watch Register, manyan dillalai da ita suke duba lamba kafin su biya. In lambar tana ciki, abin da ke hannunka ba dukiya ba ce, fitina ce. Rolex da kansu sun fara tantance na hannu na biyu suna ba shi shaida tun Disambar 2022, ta shagunan Bucherer. In ba don matsalar ta yi girma ba, me zai kai su?

Baba Ɗanjuma, Mile 12: Ni ban san agogo ba, albasa na sani. Tambayata ɗaya. In mai bashi ya gaza, motar kayanka na hanya daga Aliero, direba na jiran kuɗi, wa zai ƙirgo maka miliyan ashirin a Legas cikin mako ya karɓi agogo?

Alhaji Sabo: Baba, akwai su. Kaɗan ne, amma akwai. In babu a nan, hoto da bidiyo zan tura Dubai, kafin dare an yi tayi.

Baba Ɗanjuma: Tayin wanda ya san kana cikin matsi ne, Alhaji. Mu ma mun san irinsa in kaya suka kwana a mota.

Nura: Wannan shi ne asalin maganar. Farashin da ake gani a intanet kuɗin da mai sayarwa ke nema ne. Dillali zai cire ribarsa, a cire la'ada, a cire kuɗin tafiya da haɗarin hanya. Sannan ku tuna dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022: mutum ba ya biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani miliyan 10. Masu harkar gwal da kayan alatu kuma suna cikin waɗanda ake so su yi rajista da SCUML, sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Ta ɓangaren banki, dokar 2017 ta ba da damar jingina da kadarorin da ake iya ɗauka, akwai ma rajistarsu a ƙarƙashin Babban Banki. Sai dai banki yana son abin da zai ƙiyasta ba tare da gardama ba, agogo kuwa kowane mai dubawa da nasa ra'ayin.

Malam Tukur, Agege: Allah ya saka muku. Kun yi maganar kasuwa, saura ta shari'a. Jingina halal ce, tana cikin Baƙara aya ta 283, kuma Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa. Amma Alhaji, me takardarka ta ce in wa'adi ya cika ba a biya ba?

Alhaji Sabo: Allah ya gafarta Malam, ta ce agogo ya zama nawa. Da yardarsa ya sa hannu.

Malam Tukur: Wannan sharaɗin ne Imamu Malik ya yi bayaninsa a Muwaɗɗa ya ce bai halatta ba, ko da an yarda. Ka ba da rabi, ka riƙe duka? Sayarwa za a yi, ka ɗauki haƙƙinka, ragowar ta koma wa mai shi. Ba za ka ɗaura shi zuwa ɗaurin aure ba, domin amfanin da rance ya jawo riba ce. In kana karɓar kuɗin ajiya, kada ya riƙa hawa da yawan bashin ko da jinkirin biya. Kuma a mazhabarmu, abin da ake iya ɓoyewa irin agogo da gwal, in ya ɓace a hannunka kai za ka biya, sai in ka kawo shaidar cewa ba sakacinka ba ne. Hajiya, wannan har ke.

Hajiya Ladidi: Na ji, Malam. Ni dama ragowa nake mayarwa, don gwal ba a gardamar farashinsa.

Alhaji Sabo: Malam, to ni da na ɗauki haɗarin jabu da na faɗuwar farashi, in an samu ragowa na mayar, in an samu giɓi fa? Kuma wa zai yanke kuɗin sayarwa, tunda zai ce na karyar masa da kaya? Har yanzu dai ban ga wanda ya nuna min takardar fili ta fi shi ba.

Malam Tukur: Giɓi yana nan bashi a wuyansa, jingina ba ta sauke masa. Maganar farashi kuwa, tun ranar farko ku rubuta sunan mutum adali da kuka yarda da shi ku biyu, shi zai sayar in wa'adi ya cika, da shaidu biyu. A rubuta lambar agogon da abin da mai dubawa ya gani a cikinsa a takardar.

Malam Isyaku: Kuma a buɗe shi a gaban mai shi, a rufe a gabansa, a ɗauki hoton injin. Rigimar da na fi rabawa ita ce ta "ba haka na kawo shi ba".