Bikin Durga da ƙauyukan bakin iyakar Bangaladash: neman shawara

Na Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. A watan Oktoba zan raka yayana birnin Kolkata na ƙasar Indiya ganin likita, kuma an shaida mini cewa za mu tarar da bikin Durga, babban bikin mabiya addinin Hindu na jihar Bengal ta Yamma. Idan jikin nasa ya yi sauƙi, ina so in leƙa karkara in ga zaman mutanen bakin iyaka. Ina ya kamata in nufa, kuma Musulmi zai iya kallo ba tare da ya shiga ibadarsu ba?

Malamin Bukuru:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya. Ka fara duba kalanda, domin da lissafin wata suke tafiya, wata shekarar bikin yakan faɗo a ƙarshen Satumba. Ka je Kumartuli, unguwar maginan tukwane, inda na tsaya na ga mutum yana shafa yumɓu a kan ɗaurin ciyawa har fuskar gunkin Durga ta fito, da hannuwa goma. Kowace unguwa takan kafa rumfar gora da yadi, ana kaɗa manyan ganguna har tsakar dare, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya. Kallo ba ya tilasta maka komai. Ka cire takalmi inda aka ce a cire, idan an miƙo maka abincin da aka gabatar wa gunki ka yi godiya ka wuce, sallarka kuma ga masallacin Nakhoda a cikin gari.

Hajiyar Faringada:
Ɗana, Taki za ka je. Ka hau jirgin ƙasa daga tashar Sealdah ka sauka a wannan ƙaramin gari na bakin kogin Ichamati, wanda tsallakensa Bangaladash ce. A ranar ƙarshe, kwale-kwale daga ɓangarorin biyu sukan fito da gumaka a nutsar da su a ruwa, mutane suna ɗaga wa juna hannu, jiragen jami'an tsaro kuma suna tsakani. Ni Jibiya da Maraɗi abin ya tuna mini, domin harshensu ɗaya, shinkafarsu da kifinsu ɗaya, rabon ƙasar Indiya na 1947 ne kawai ya ratsa tsakaninsu.

Sai dai kada ka ɗauka iyakar Indiya da Bangaladash irin tamu ce, da ake haye wa a kan babur a je suna a dawo. Tsawonta ya haura kilomita 4,000, an kafa shingen waya a wurare da yawa, kuma akwai manomin da gonarsa ta faɗa bayan shingen, sai an buɗe ƙofa a lokacin da aka ƙayyade ya nuna katinsa kafin ya shiga ya duba shinkafarsa ko ramarsa. Wannan ya fi bikin tsaya mini a rai.

Malamin Bukuru:
Hajiya ta yi gaskiya. In ƙara da cewa fasfonka kada ya bar aljihunka, kada ka ɗauki hoton sansanin sojan iyaka, kuma ku nemi katin allurar shawara tun kuna Jos, domin za a tambaye ku a filin jirgi.

Na Unguwar Rogo:
Na gode, Malam. Hajiya, a Takin ana samun masauki, ko gara in koma Kolkata a ranar?