Ɗana mai shekara 15 ba ya barci sai ƙarfe biyun dare

Assalamu alaikum iyaye. Daga Birnin Kebbi nake. Ɗana shekararsa 15, yana SS1. Tun da muryarsa ta canza bara barcinsa ya rikice. Ba ya runtsawa sai ƙarfe biyun dare, da asuba kuwa sai an yayyafa masa ruwa. Malaminsu ya ce gyangyaɗi yake yi a aji, zangon da ya wuce ma ya faɗi lissafi.

Na ƙwace wayarsa wata guda cur, amma in na leƙa sai in tarar da shi kwance ido biyu. Babansa ya zane shi, tun ranar ya daina cin abinci tare da mu, kuma wallahi wannan ya fi damuna. Hutun da ya yi wajen kawunsa a Argungu bai canza komai ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce lokacin balaga barci yakan ja baya, kuma sa'anninsa suna buƙatar awa 8 zuwa 10. Shi ko biyar ba ya samu.

Don Allah, wace dabara zan bi ya riƙa barci ƙarfe goma ba tare da duka ba?