Mai imani yana kamuwa da ciwon damuwa? Muhawara a zauren 'yan Zangon Kumasi

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a wajen walimar saukar Alƙur'ani wani mai wa'azi ya ce mumini na gaskiya ba ya kamuwa da ciwon damuwa. Wai duk wanda ya shiga wannan hali, sallarsa za a duba, ba asibiti za a kai shi ba. Ya kawo ayar Suratur Ra'adi, cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Ni dai maganar ta shige ni.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa. Kakanninmu da suka zo fataucin goro ƙasar Asante a ƙafa, wace wahala ce ba su sha ba? Wa ya taɓa jin an kai ɗayansu wajen likitan ƙwaƙwalwa? Carbi da haƙuri suka riƙe.

Malamin Makaranta: Baba, Allah ya ƙara girma. Ayar gaskiya ce, amma fassarar da aka ɗora mata ba ta zauna ba. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ga shi nan a Suratu Yusuf aya ta 84. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a sira. Kuma Manzon Allah (SAW) ya yawaita neman tsari daga "hammi" da "hazani", wato damuwa da baƙin ciki. Ba a neman tsari daga abin da ba ya samun mumini.

Ɗan Aboabo: Malam, wannan ai baƙin ciki ne mai dalili. Wanda muke magana shi ne mutum yana ci yana sha, ba a yi masa rasuwa ba, ya ce duniya ta ishe shi.

Malamin Makaranta: Shi ma malamanmu sun san shi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke zuwa ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake, jikin ma sai an yi masa magani. Ba Bature ne ya kawo mana zancen ba.

Maman Biyu: Ku bar ni in faɗi abin da idona ya gani. Maƙwabciyata ta haihu lafiya, aka yi suna, aka watse. Bayan arba'in sai ka tarar da ita zaune bakin gado, kokon safe ya huce a gabanta har azahar, jariri na tsala kuka tana kallon bango. Mace ce da ba ta wasa da azumin Litinin da Alhamis. Dangin miji suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Abin da ya fi ci mata rai, da bakinta ta faɗa mini, shi ne masu zuwa dubiya suna ce mata "ki ji tsoron Allah, ki gode wa ni'ima". Sai ta ɗauka Allah ne ke fushi da ita. Wa'azin nan na jiya, irinta yake yanka.

Nas ta Asawase: Mma, Allah ya saka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 13 cikin 100 na fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa ya kusa kai 20. Alamar da muke dubawa ita ce a yi mako 2 ko fiye mutum ba walwala, ba barci, ba cin abinci, abin da yake so a da ya fita ransa. Har sallar ma nauyi take yi masa. To ka ga ciwon ne ya taɓa ibadar, mu kuma muna juya zancen.

Baba Alhaji: 'Yata, to aljanu fa? Ko su ma kun soke su? Kuma na ga yaron da aka ba maganin asibiti, ya kumbura, yini yake barci.

Nas ta Asawase: Ban soke ba, Baba. A yi ruƙya, a yi addu'a, ni ma ina yi. Maganar maganin kuwa gaskiya ce, wasu na sa ƙiba da barci, shi ya sa ake komawa a gyara awo ko a canja, ba a yanke shi kai tsaye. Kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ɗaure mutum da mari ko dukansa da sunan fitar da iska. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta 2012 ta ba majinyaci haƙƙinsa, ko a asibiti yake ko a gidan mai magani.

Ɗan Aboabo: Ni tsorona ɗaya. Mai ba da shawara da bai san addininmu ba, me zai gaya wa matar aure ko saurayinmu? Kuma kun san Zango. Da an ji an kai ka asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang ko na Ankaful, ko ƙanwarka ba mai aura.

Malamin Makaranta: Nan ka zo wurin, kuma a nan nake ganin namu aikin. Akwai wani ɗalibina da zai tsaya bakin famfo ya wanke hannu, ya koma, ya sake, har a sallame jam'i yana kan alwala, rigarsa sharkaf. Da na ce masa ya ƙara tsoron Allah, da na ƙara masa ciwo, don tsoron ne ya yi masa yawa. Na buɗe masa Risala, inda aka ce wanda shakka ta aure shi, wato ta yawaita gare shi, ya kau da kai daga gare ta. Ya ji sanyi ƙwarai, don daga bakin malami ya ji. Amma da na ga abin ya kai ga kulle ƙofa da ƙirgen kuɗi, ni na raka shi asibiti. Likita ba zai ba shi fatawa ba, ni kuma ban san awon magani ba. Inda mu malamai muke da gyara shi ne riƙe sirri. Mutum ya kawo maka kukansa da dare, bai kamata ya ji labarinsa a wa'azin Juma'a ba, ko da ba a kama suna ba.

Baba Alhaji: Na ji batun ɗalibin. Amma har gobe ina nan kan cewa yawancin yaranmu tramadol da zaman banza a majalisar ataya ne ke damunsu.

Nas ta Asawase: Wasu haka ne, Baba. Wasu kuma damuwar ce ta fara, ƙwayar ta biyo baya. Yaya na Aboabo, ba sai an je Pantang ba. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi, kuma tun Nuwamban 2024 katin inshorar lafiya ya haɗa da ciwon damuwa. Wanda ya fara zancen kashe kansa kuwa, ranar za a kai shi, kada a jira. Tun 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire hukunci a kan wanda ya yi yunƙurin, ba za a kama shi ba.

Maman Biyu: Malam, don Allah ka samu mai wa'azin nan ku zauna. Mata da yawa sun ji shi jiya, kuma akwai masu jego a cikinsu.

Malamin Makaranta: In sha Allahu zan same shi bayan la'asar. Ɗan Aboabo, kai ka san gidansa, ka zo mu tafi tare.