Shin "summer" bazara ce? Neman kalmar da za mu faɗa wa iyaye

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ƙanwata tana koyarwa a wata makarantar nazare a nan cikin Katsina, kuma ta kawo mini wata takardar Turanci in mayar mata Hausa domin a raba wa iyaye ranar ba da sakamako. Takardar tana bayani ne a kan wasannin da za a ɗebe wa ƙananan yara kewa da su a fili lokacin "summer". Kafin in yi wani tunani, hannuna ya riga ya rubuta "wasannin bazara", domin haka kunne ya saba ji a labaran rediyo. Da na karanta wa Inna, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Wace uwa ce za ta tura ɗanta fili da bazara, sa'ad da ko akuya inuwa take nema?"

Gaskiyar Inna ce. Bazara a wurinmu ita ce tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar ruwa, wato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Katsina da Daura yakan kai digiri 40, ruwan randa ya yi ɗumi, a fito da tabarmi tsakar gida da dare, ma'aikatan lafiya kuma su riƙa gargaɗi a kan sanƙarau. Shi kuwa abin da mutanen Ingila da Amurka suke nufi da "summer" watanni ne uku, Yuni da Yuli da Agusta, kuma ɗokin da suke yi ba na zafin ba ne kawai, na tsawon yini ne bayan sun sha duhu da sanyi. Saboda karkatar duniya da kusan digiri 23 da rabi, yinin Landan a ranar 21 ga Yuni yakan wuce awa 16, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, yininmu mafi tsawo bai cika awa 13 ba. Watannin nan uku kuwa a nan damina ce tsababa, Agusta ma marka ce.

Ban ce waɗanda suka fara cewa bazara sun yi ganganci ba. Malaman tafsiri sun daɗe suna fassara "saif" ta cikin Suratu Ƙuraish da bazara, kuma ta zauna daidai, domin a ƙasar Makka lokaci ne na zafi mai tsanani. Kuskuren ya shigo ne da aka ɗauki wannan kalma aka ɗora wa hutun yara.

Na ji shawarwari uku daga abokan aiki. Wani ya ce a ari kalmar kawai, tunda ga iyaye nan suna cewa "sama lesin". Matsalar ita ce da zarar an rubuta ta da haruffan Hausa ta zama "sama", kuma "wasannin sama" sai dai mutum ya zaci na tsuntsaye ne. Wani ya ce "wasannin damina", wanda ya dace da watannin a nan, amma zai ruɗar da mai karatu ya ɗauka ruwan sama ne ya sa Turawa suke fita, alhali a Ostareliya ma lokacin yana faɗowa ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Ta ukun ita ce ta kwanta mini, kuma daga bakin wata malama mai shekaru ta fito: ta ce abin da ya haɗa yaron Landan da yaron unguwar Rafindaɗi ta Katsina ba yanayi ba ne, rufe makaranta ne na makonni da dama a ƙarshen zango na uku, kuma wannan Bahaushe ya riga ya raɗa masa suna, dogon hutu.

Saura "waje", wato inda takardar ta ce a yi wasannin. Idan aka ce "wasannin waje", rabin masu karatu za su ɗauka na ƙasashen waje ake nufi. "Wasannin dandali" kalma ce mai asali, amma ta riga ta zama ta gaɗa da langa a farin wata, na 'yan mata da samari, ba na yaro ɗan shekara huɗu da ake tsaronsa da hantsi ba. Na zaɓi "fili", domin ta ɗauki tsakar gida da ƙofar gida da harabar makaranta gaba ɗaya.

Da kalmar ta daidaitu, sai cikin takardar ma ya nemi gyara. Inda aka ce a fesa wa yara ruwa don su sha iska, na sa ginin ƙasa a jiƙaƙƙen yashi bayan an ɗauke ruwa, irin wanda yaro zai cusa ƙafarsa ya daddaɓe yashin a kai, ya zare a hankali ya sami ɗaki, da ƙera motar kara, da 'yar carafke a zaure idan hadari ya haɗo, da shuka wake a gwangwanin madara yaro ya riƙa duba tsironsa kowace safiya. Inda aka yi gargaɗin ƙunar rana, na sa gargaɗin kududdufi da kwata idan sun cika, da shigar da yara gida kafin magariba saboda sauro.

Saboda haka shawarata ita ce, idan ana labarin yanayin ƙasashen can, a ce "lokacin zafin Turai". Idan kuwa maganar yara da makaranta ce, a ce "dogon hutu". Kan takardar da na miƙa wa ƙanwata shi ne "Wasannin fili na dogon hutu domin ƙananan yara", kuma da na sake karanta wa Inna, abin da ta tambaya kawai shi ne ko na sa lilo a ciki.